Rasuwar Fitilar Barandar Ciyaman

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido mai cike da farin hasken da bai roƙa ba, Ciyaman, tsohon ma'ajin sito mai ritaya, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta, na gefe da na bayan katanga, cewa fitilar barandarsa ta riga mu gidan gaskiya. Rai ya yi halinsa ne da hantsi, a inda take rataye tun ƙuruciyarta, saman tagar falo, bayan doguwar jinya da gajeriyar haɗuwa da sandar sharar yanar gizo-gizo.

Marigayiya ta shigo gidan a shekarar da aka tare cikinsa, tun bangon yana warin fenti. Ciyaman da kansa ya je ya zaɓo ta, ya riƙo ta a cinya a cikin mota don kada ta bugu, ya hau kujera ya kafa mata ƙusa. Baƙin ƙarfe ce mai gilashi ta kowane gefe, da 'yar hular kwano a ka, da ƙwai guda mai haske kalar shayin da aka tsuga wa ruwa. An sha canja mata ƙwai, amma bai taɓa yarda a sa mata wanda ya fi na farko ƙarfi ba. Ya ce kowa da halinsa, ita nata halin kunya ne.

Duk wanda ya zauna a ƙarƙashinta zai ba da shaida cewa mai rufin asiri ce. Ba ta taɓa nuna wa baƙo tsagewar bango ba. Ba ta taɓa tona cewa furannin da ake yabawa a lambu sun bushe tun bara, sandunansu kawai ke tsaye. Mai Kemis, abokin maigidan, ya daɗe yana shafa wa kansa baƙin rini, amma a barandar nan saurayi yake komawa, har ya riƙa shafa ƙeya yana murmushi. Tana haska faɗin teburi ɗaya, ta bar sauran duniya yadda ta same ta. Ba ta da surutu. In an kunna ta, sai ta ce "ziiii" a hankali, kamar tsohuwa mai gyangyaɗi, ta ɗan yi tunani, sannan ta kama.

A ƙarƙashin wannan haske ne Ciyaman ya samu sunan da ake kiransa da shi. Bai taɓa shugabantar ko da ƙungiyar masu kiwon zomo ba. Abin da ya shugabanta shi ne teburin karta. Kullum da faɗuwar rana, Tela da Mai Kemis za su zo, a shimfiɗa ƙyalle a teburi, a raba karta, a sha shayi. Ba a sa komai a wasan sai mutunci, da doka guda: wanda aka ci shi zai kwashi kofuna ya je famfon lambu ya wanke. Tun da aka kafa dokar nan, hannun Ciyaman bai san sanyin ruwan famfon ba. Tela, mutum mai ƙusumbi saboda daɗewa a kan keke, shi ya fi kowa sanin soson.

Saboda karamcinsa, maigidan yakan bar wa baƙinsa doguwar kujera mai katifa, wadda ke jikin bango a ƙarƙashin taga, inda hasken marigayiya ke sauka ta bayan kafaɗunsu ya haska musu kartarsu sosai. Shi kuwa ya haƙura da kujerar roba mai fuskantarsu. Yana da ɗabi'ar ɗaga kai ya zuba wa tagar ido kafin ya ajiye kati, abokansa suka ɗauka zurfin tunani ne. Yana kuma da ƙa'ida a kan tsimin wuta: muddin ana wasa a baranda, ba a kunna fitilar falo, ba a kuma sakin labule, don iska ta samu wucewa, ko da yake tagar a rufe take.

Wadda wannan ƙa'ida ta fi shafa ita ce matarsa, Nas, wadda ta ƙare aikinta a ɗakin haihuwa na asibiti, mace mai ƙaramin jiki da gajeren zance. Shekara da shekaru tana zaune a falo cikin duhu da yamma, rediyo a cinya. Ita da marigayiya ba su taɓa shiri ba, kuma wannan sanarwa ba za ta ɓoye hakan ba. Tun idonta bai fara rauni ba take cewa a ƙara haske a matattakalar da ke sauka lambu, domin ta nan take hawowa da tiren shayi daga kicin.

"Baban Lauya, wannan abar ba fitila ba ce, alama ce kawai cewa da can an yi niyyar sa fitila."

"Maman Lauya, ki bar ta. Ba kowane haske ne na ihu ba."

"Ban ce ta yi ihu ba. Na ce ta nuna min inda zan sa ƙafa."

Sai ya ce za a duba. Ya yi ta dubawa har kansa ya yi furfura.

Ciwon ajali ya fara ne da ƙifta ido. Za ta kama, ta ɗauke, ta dawo, tana "tsit, tsit" kamar mai shaƙuwa. Ciyaman ya yi jinyarta da hannunsa, bai bar wa kowa ba. Ya naɗe mata waya da baƙin tef har wuyanta ya yi kauri. Ya tura mata guntun kwali a bayan soket. Ya gano cewa in aka ɗan taɓa ta da sanda a kumatun hagu takan farfaɗo, sai ya ajiye sanda kusa da kujerarsa. Mai gyaran wuta ya zo, ya buɗe ta, matattun ƙwari suka zubo masa a fuska, ya ce cikinta ya ruɓe, a sallame ta. Ciyaman ya sallami mai gyaran.

Ana cikin haka, wata yamma, Nas ta taho da tire, ta sa ƙafa a matattakala, marigayiya ta zaɓi wannan lokacin ta lumshe ido. Aka ji ƙarar kofuna, aka ji wani sauti da ba na kofi ba. Tela ya riga kowa isa. Mai Kemis ya biyo shi. Maigidan ya zo na ƙarshe, saboda ya tsaya ya kife kartarsa a teburi. Amma da ya sunkuya ya ga yadda hannunta na hagu ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa, ya ga ba ta kuka, tana dai cije leɓe tana gaya musu yadda za su tallafe shi, sai ya ruga neman mota. A asibitin da ta yi aiki aka ɗaure mata hannun da farin siminti daga yatsu zuwa gwiwar hannu. Shi yana zaune a bakin ƙofa da takalminta ɗaya a hannu, bai san ya taho da shi ba.

Kashegari da yamma Tela da Mai Kemis suka zo dubiya, suka tarar an koma asibiti ɗaukar hoton ƙashi. Suka zauna jira a baranda, suka kunna marigayiya. Tela ya zauna a wurinsa na kullum, ya buɗe jarida. Mai Kemis kuwa, da yake babu mai hana shi, ya ja kujerar robar maigidan ya zauna, karo na farko a rayuwarsa. Ya ɗaga kai. Da duhun falo a baya da hasken fitila a sama, gilashin tagar ya zama madubi tangaran. Ya ga ƙeyar Tela, ya ga kunnuwansa, ya ga shafin jaridar da ke hannunsa har da hoton da ke ciki.

"Tela, taso ka zauna nan," in ji shi.

Suka yi musanyar wuri. Mai Kemis ya zaro katin shaidarsa ya riƙe a gaban ƙirji yadda ake riƙe karta. Tela ya daɗe yana kallon tagar. Sannan ya sunkuyar da kai ya kalli hannayensa. Suka kashe fitilar suka tafi.

Ciyaman yana so a sani cewa shi bai taɓa kallon wannan taga ba sai don ya duba ko tana buƙatar a goge ta, kuma in wani abu ya bayyana a cikinta, tsakanin gilashi ne da marigayiya, wadda ba ta nan balle ta kare kanta.

Da aka dawo gida, ya zauna a gefen gadon Nas, ya bare mata lemu, ya gyara mata filo, ya ce ya yi nazari ya gano laifin ba na fitila ba ne, na matattakala ne. Nas ta karɓi lemun ta sha. Duk wanda ya san Nas ya san ba shan lemun lafiya ba ne.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, yana ɗaki yana aske gemu, ya ji "tas!" daga baranda. Ya fito da kumfa a fuska. Gilashi ya watsu a ƙasa, hular kwano tana juyi a kan teburi, marigayiya tana lilo a jikin wayarta. Nas na tsaye da doguwar sandar sharar yana a hannun dama.

"Maman Lauya, me ya faru?"

"Yana nake sharewa, hannuna ya kuskure. Ka san ɗaya ya rage min."

Maƙwabciya ta bayan katanga ta ce ta ji kuskuren fiye da sau ɗaya, amma iyalin ba su da niyyar neman a yi bincike. Ciyaman ya taɓa makunni, ya sake taɓawa. Babu "ziiii", babu "tsit". Ya sauke ta da kansa, ya kwantar da ita a kan doguwar kujera, ya rufe ta da tawul ɗin da ke wuyansa.

Ba a bar shi ya yi makoki a tsanake ba. Kafin rana ta yi tsaka, 'yarsu Lauya ta iso, wadda ta gaji kaifin bakin uwarta ta kuma je makaranta ta ƙaro. Ta sa shi a mota ta kai shi shagon kayan wuta don zaɓen magajiya. Bai taɓa ganin rashin kunya irin na shagon nan ba. Bango guda cike da fitilu, kowacce tana ƙoƙarin ta fi 'yar uwarta. Akwai waɗanda ake kafawa a ƙasa a jere kamar sojoji, su sha rana su kwana suna haske. Akwai na igiya da ake ratayawa a bishiya, gida ya koma kamar wurin sayar da yara kayan wasa. Akwai wata mai baƙin hali da ke laɓe cikin duhu, sai ka motsa ta faɗo maka a fuska. Mai shago ya kunna wata fara fat, Ciyaman ya ga kowane tabo da ke rigarsa.

"Ɗana, akwai wadda haskenta bai wuce teburi ba?" ya tambaya a hankali.

"Baba, sai dai in ta lalace."

"To mai ɗan ja-ja haka, wadda za a rataya a saman taga?"

Lauya ta juyo. "Baba, me ya sa dole sai saman taga?"

"Nan ƙusar take."

"Sai a cire ƙusar."

"Tsohuwar ƙusa ce, ta kama bango."

"Baba, ƙusa ce ta fi, ko hannun Mama?"

Ciyaman ya sunkuya yana karanta farashin wata fitila. Lauya ta kira uwarta a waya ta bidiyo, ta zagaya shagon tana nuna mata. Muryar Nas ta fito ƙarara, kowa ya ji: tana son wadda in allura ta faɗi a ciyawa za ta gan ta daga kicin. Aka ɗauki fara guda ta jikin ginshiƙi, nesa da taga. Aka ɗauki ƙanana na kowace matattakala. Aka ɗauki sojojin nan don hanyar lambu. Ra'ayin Ciyaman guda aka karɓa, shi ne a sa kayan a but ɗin mota maimakon a kujerar baya.

Da yammar da aka kunna su, ya ga gidansa. Ya ga tsagewar bango ta fi yadda yake zato tsawo. Ya ga busassun furanni. Ya ga bakin matattakala ta biyu ya gutsire, rami ne da zai ɗauki rabin tafin ƙafa, kuma ya tsaya a kansa ya daɗe, domin bai taɓa saninsa ba, ita kuwa kullum tana tsallake shi da tire a hannu.

Tela da Mai Kemis suka iso da wuri fiye da yadda suka saba. Suka yi masa gaisuwar rashi da murya ƙasa-ƙasa. Suka zauna a doguwar kujera ba tare da an ce musu ba. Tela ya raba karta, yana yi yana wata 'yar waƙa a hanci. Da wasa ya kai inda ake tunani, kan Ciyaman ya ɗaga da kansa zuwa taga. Falo a haske yake tar. Abin da ya gani a gilashin shi ne Nas zaune a kujera, hannun siminti a kan filo, tana kallonsa. Ta ɗaga masa hannun, a hankali, kamar mai gaisuwa daga mota.

Aka ci shi. Aka sake rabawa, aka sake cinsa. Ya jefa katin da ko yaro ba zai jefa ba.

"Ashe haka fuskarka take in ba ka san abin da ke hannuna ba," in ji Tela.

"Baƙin ciki ne," in ji Mai Kemis, wanda ya zo da hula ya ja ta har kunne. "Mutum ya rasa idonsa na uku, ai dole."

Tela ya tattara kofuna ya tura masa tiren. "Soso yana bayan bokiti. Ka fara da na ciki, bakin kofi ne ke riƙe maiƙo. In ka saba ba wuya, ni na saba."

Ya sauka matattakala, kowacce da fitilarta tana nuna masa hanya, ya tsuguna a gaban famfo cikin hasken da har maƙwabta ke iya ganinsa ta saman katanga. Ruwan da sanyi. Yana jin dariyarsu a bayansa, yana kuma jin muryar Nas ta fito baranda tana tambayar Tela yadda ake lissafin wasan, wai tana so ta shiga da zarar an cire mata siminti. Abokan nasa ba su yi fushi sun daina zuwa ba, kamar yadda ya ji tsoro. Abin da suka yi ya fi haka muni: ba su ƙara fashi ba, ko ana ruwa.

Marigayiya ta rasu ta bar makunni guda, wanda yanzu ba ya kunna komai amma maigidan yakan taɓa shi in zai wuce. Ta bar ƙusa, wadda Lauya ta zare da filaya a gaban idonsa. Ta bar da'irar baƙin hayaƙi a bango, daidai girman faranti. Ta bar tsaka iyali guda, waɗanda suka yi ƙiba a kan ƙwarin da take tara musu, kuma tun kafin gawa ta huce suka koma gindin sabuwar, abin da ya nuna wa Ciyaman halin duniya. Ta bar rabin naɗin baƙin tef. Ta bar wanda ya so ta tsakani da Allah, wanda yatsunsa suka fara yanƙwanewa saboda wankin kofuna.

Iyalin suna godiya ga duk waɗanda suka aiko da saƙo, har da mai gyaran wuta, wanda ya ce ya faɗa tun farko, da maƙwabciya, wadda ta ce sai yanzu ta san launin fentin gidan. Suna roƙon a daina tambayar Nas ko ta yi haƙuri. Ta yi.

Game da sutura, Ciyaman ya so a binne marigayiya a gindin bishiyar lemu, amma Nas ta ce ba za a cika mata lambu da fasasshen gilashi ba, jikoki na yawo ba takalmi. Don haka za a sa ta a kwalin magajiyarta, domin shi kaɗai ya yi daidai da ita, ko da yake hoton magajiyar na jikinsa ta kowane gefe. Za a fita da ita ranar da motar shara ke zagayowa, da safe, daga baranda zuwa bakin ƙofa. Tela ya nemi alfarmar ɗaukar kwalin, amma an hana shi saboda yadda fuskarsa ta kasance lokacin da yake nema. Masu rakiya su bi ta gefen dama, domin mai makoki ya kwaɓa siminti da hannunsa ya cike bakin matattakala ta biyu, bai bushe ba tukuna.

Za a karɓi gaisuwa a barandar da yamma. Mai zuwa ya zo da tufafin da ba su da tabo, don yanzu babu abin da ke ɓuya a gidan. Ciyaman ya roƙi iyalinsa cewa a lokacin da za a ɗaga kwalin, ko kuma da yammar ranar, a kashe fitilun gidan gaba ɗaya na ɗan lokaci, don girmama wadda ta tafi da irin hasken da ta rayu a kansa. An kai wa Nas wannan roƙo. Ta ce ya rufe idonsa, duk ɗaya ne.